Saba ɗinmu ta ƙi shiga da kanta bayan an ɗauke wuta, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Muna da saba (server, wato babbar kwamfutar ofis) mai Windows Server 2019 a ɗan ofishinmu nan Tudun Wada, a kanta manhajar lissafin kaya take, kuma manhajar nan ba ta tashi sai an shiga da asusun Administrator tukuna. To kun san yanayin wuta a Kaduna, in an ɗauke da daddare batirin UPS ya ƙare, da safe ko an tada janareto sai ta tsaya cak a allon shiga mai neman a danna Ctrl+Alt+Del, yara masu sayarwa suna zaune kwastoma na jira har sai na iso daga Kawo, ga cunkoson hanya.

Na buɗe secpol.msc, wato saitunan tsaro na Windows, na kunna Do not require CTRL+ALT+DEL, wannan ya yi. Akwatin nan mai tambayar dalilin kashewa ma na rufe shi ta gpedit.msc, wato Display Shutdown Event Tracker. Inda na maƙale shi ne shiga da kanta, wato ba sai wani ya rubuta fasuwod ba. A rajista (Registry, ma'ajiyar saitunan Windows) ƙarƙashin Winlogon na sa AutoAdminLogon ya zama 1, na rubuta DefaultUserName da DefaultPassword, ta shiga sau ɗaya lafiya lau, da na sake kunnawa sai na tarar AutoAdminLogon ya koma 0. Me ke mayar da shi? Ko don tana cikin domain (rukunin kwamfutocin da ake sarrafawa daga wuri ɗaya) ne wata doka daga sama take gogewa?

Kuma wallahi hankalina bai kwanta da barin fasuwod a rajista a fili ba. Wanda ya taɓa amfani da manhajar shiga da kai ta Autologon ta Sysinternals a kan saba, ya ya ta kasance? Na gode.