Shayin Ganoderma yana maganin borin jini da atishawar hunturu?

Maman Ihsan, Ƙofar Kaura:
Assalamu alaikum. Ana ta tallar shayi da niƙaƙƙen garin laimar kwaɗi mai suna Ganoderma a cikin garin Katsina, wai yana ɗaga garkuwar jiki, yana kawar da atishawa da ƙaiƙayin ido na lokacin hunturu. Mai asma zai iya sha? Kuma yaya ake haɗa shi?

Mai Kemis, Daura:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Borin jini ba rauni ba ne na garkuwa, zaƙewarta ce. Ƙura ta shiga hanci, jiki ya ɗauke ta abokiyar gaba, ya saki sinadarin histamin, shi ke kawo atishawa da yoyon hanci. Don haka "ɗaga garkuwa" ba shi mai wannan matsala yake nema ba.

Ganoderma lucidum tana da manyan sinadarai iri biyu: beta-glukan mai zaburar da garkuwa, da ganoderik asid mai ɗaci. Na biyun ne aka ga yana rage sakin histamin, a ƙwayoyin jikin ɓera a ɗakin gwaji, tun 1985 a Japan. A jikin mutane kuwa hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Mai asma kada ya kuskura ya ajiye inhelarsa. Don atishawa kuma, ƙwayar maganin cetirizine miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba, da takunkumi in hazo ya sauka, sun fi tabbas.

Malam Mai Tsirrai, Ƙofar Marusa:
Haka ne. Batun haɗi: busasshiyarta kamar itace take, ba a taunawa. Kundin magungunan ƙasar Sin ya sa giram 6 zuwa 12 a rana. A yanka sirara, a zuba ruwa lita ɗaya, a bari ta yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta awa ɗaya zuwa biyu, a tace. Jiƙawa a ruwan ɗumi ba ta fitar da wani abin kirki, domin bangon ƙwayoyinta yana da tauri. To amma ruwa beta-glukan ya fi janyowa. Ganoderik asid ba ya narkewa sosai a ruwa. Kin ga abin da ake so saboda histamin shi ne ya fi ƙaranci a kofin.

Garinta da ake sayarwa a leda ma a yi hattara, wani rabinsa hatsin da aka rene ta a kai ne. Ki dama kaɗan da ruwa, ki ɗiga aidin, wato ruwan maganin da ake shafa wa rauni. In ya koma shuɗi mai duhu, sitaci ya yi yawa. Lambar NAFDAC kuma ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Anti Nas:
A ƙara da wannan, Maman Ihsan. Ganoderma tana iya tsinka jini, don haka mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, da wanda za a yi wa tiyata nan da mako biyu, su bar ta. Haka mai ciki, mai shayarwa, da wanda aka yi wa dashen ƙoda. Mai maganin hawan jini ko suga ya fara tuntuɓar likitansa. An samu rahoton lahanin hanta daga shan garin, saboda haka in ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, a daina a tafi asibiti. Ƙurar irinta ma kanta tana tayar wa wasu da asma.

Nau'o'in laimar kwaɗin da ke fitowa a jikin kututture ko bola da damina kuwa, kada a tsinko. Dafin wasu ba ya mutuwa da dahuwa, kuma sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa suke farawa.