Bodin rikwes na zuwa fanko ko a lalace, wa ya taɓa cin karo da shi?

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai aikin da muke yi ma wata ƙungiyar manoman shinkafa, ma'aikata na zagaya ƙauyukan fadama da waya suna ɗaukar suna da girman gona da buhun taki nawa mutum ya karɓa, wayar ta tura ma saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, a tsarin rubutun bayanai na JSON. Da Node da Express anka rubuta manhajar sabar. To req.body, inda bodin rikwes ke zama, wato bayanan da wayar ta turo, undefined yake zuwa, ba komai ciki, alhali wayar na nuna ta tura. Don Allah duk wanda ya taɓa fama da karanta bodi ya faɗi yadda ta kaya mai ko ba Node ba ne, akwai yaran da muke koya ma suna biye da mu.

Injiniya na Jega:
Wa alaikumussalam ƙanena. Express ba shi karanta bodi da kanshi sai ka sa express.json() kuma a saman hanyoyinka (routes) ba ƙasa ba, tun sigar 4.16 anka sako shi ciki. In ka sa kuma abin bai canza ba duba Content-Type, hedar da ke saman saƙo mai faɗin irin abin da anka turo, in ba application/json ba ne wucewa yake shiru ba ya ko tari. Ni haka ta faru gare ni, mai rubuta manhajar wayar da fetch ya tura bai sa heda ba sai ta tafi a text/plain.

Ɗan Argungu:
Wallahi yallabai text/plain ɗin ne, yanzu na gani. Allah ya saka da alheri. Jama'a a ci gaba.

'Yar Gusau:
Ni PHP nike yi. Shagon atamfa na intanet na haɗa ma wata hajiya, kamfanin biyan kuɗi na turo saƙo in an biya, $_POST ba komai ciki don shi fom kawai ya sani, sai da file_get_contents('php://input'). Amma inda na sha wuya sa hannun da ke zuwa a heda don tabbatar da cewa daga kamfanin saƙon ya fito, HMAC ne, wani lissafi da makullin sirri, anka lissafa kan bodin yadda ya taso. In ka yi json_decode ka maido da json_encode ya riga ya canza, PHP na ƙara \ gaban kowane / sai lissafi ya ƙi daidaita, hajiya na kira kwastoma ta biya oda ba ta fito ba. Ɗanyen bodin za ka ajiye ka tantance da shi tukuna, sannan ka fasa shi.

Malamin Yauri:
Tawa ita ta fi ci min rai don sunayen mutanenmu ta taɓa. Rajistar ɗalibai ce, wanda ya fara aikin da hannu yake tara bodi a Node, kowane gutsure ya iso ya liƙa shi kan rubutu da +=. Suna ɗari su shiga lafiya sai ka ga wani Ɗanladi ko Ƙasimu harafin farko ya zama baƙar alama mai tambaya a ciki, gobe a sake tura fayil ɗin kuma wani ne daban ya lalace, har malamai sunka fara cewa kwamfuta ce ba ta son Hausa, wani ma ya ce a cire ƙugiya a huta. Ni kam ban yarda ba, sunan yaro ne zai hau takardar sakamako. Abin da ke faruwa, a UTF-8 harufan ƙ da ɗ da ɓ kowane bayit 2 ne, bodi kuma gutsure-gutsure yake isowa, in yankan ya faɗa tsakiyar harafi rabi nan rabi can kowane rabi shara ne. Tara su munka yi a Buffer, ma'ajiyar ɗanyen bayit, Buffer.concat a ƙarshe, sannan toString sau ɗaya. Kuma a sani Content-Length bayit yake ƙirgawa ba haruffa ba.

Na Ƙaura:
Malam Allah ya biya ka, wanga bayani ban taɓa jin shi da Hausa ba. Ni ASP.NET Core ne. Mun sa wani abu gaba yana rubuta duk bodin da ya shigo don bincike, daga ranar kwanturola, sashen da ke amsa rikwes, ta daina ganin komai, don bodi sau ɗaya ake ɗibarshi kamar ruwan kwata in ya wuce ya wuce. Sai da EnableBuffering() kuma bayan karantawa a maida Position zuwa 0. Amma ku yi hattara da rubuta bodi cikin log, lambar waya da NIN na talakawa ne ke ciki, mu mun koma rufe su kafin a ajiye.

Ɗan Argungu in za ku ƙara hoton gona ka sani express.json() 100kb ce iyakarshi in ba ka ɗaga ba, Nginx kuma, in shi ke gaban sabarka, 1MB, ya wuce haka kuskuren 413 za ka gani, wato bodi ya yi girma. Da irin netwok ɗin ƙauyukanmu gara a matse hoton tun a waya a tura shi daban a multipart, tsarin tura fayil, multer na Express ya karɓa.