Neman shawara: Inna ta koma nishi da maimaita kalma ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina aure a wani ƙauye a ƙasar Jahun, kuma ni nake kula da mahaifiyar maigidana, Inna, wadda ta haura tamanin. Shekara uku ke nan da ta fara mantuwa. Da farko abin bai wuce ta ajiye carbi ta yi ta nema ba, ko ta yi Azahar sau biyu. Tun bayan girbin bana sai ya sauya. Da la'asar ta yi sanyi za ta zauna bakin tabarma tana murza gefen zaninta tana "umm, umm, umm", har bayan Isha'i. Wani lokacin sunan yayarta da ta rasu tun kafin a kawo ni gidan take kira, ba tsayawa. In na ce "Inna, ga kunu", sai ta ce "kunu, kunu, kunu", ba za ta karɓa ba. Ludayi ya koma "abin nan", jikokinta duk sun koma suna ɗaya. Matar da a da ko a gidan biki sai an yi shiru an saurari zancenta.

Maƙwabta sun ce iska ce, an yi ruƙiyya sau biyu. Ƙanin maigidana ya sayo ƙwayar barci a kemis, ban ba ta ba tukuna. Abin da ke hana ni barci shi ne ko wani wuri ke mata ciwo ta kasa faɗa. Kuma shekaranjiya na daka mata tsawa, har yanzu abin yana cina. Ku ba ni shawara.

Maman Sadiq: Allah sarki 'yar uwa, Allah Ya ba ki lada. Haka kakarmu ta yi, gigin tsufa ne. Ki yi ta haƙuri.

Nas daga Haɗeja: Ƙanwata, ki ajiye ƙwayar nan, kada ki ba ta. Irin su diazepam suna ƙara wa tsofaffi ruɗewa, ga jiri; ta tashi fitsari cikin dare ta faɗi, ƙashin ƙugu ya karye, an shiga wata wahalar. Abin da kika kwatanta ya yi kama da cutar mantuwa, kuma ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba tsufa kawai ba. Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, sai wanda toshewar jijiyoyin jini ke jawowa, musamman ga masu hawan jini ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. In ciwon ya taɓa ɓangaren magana, kalmomi sai su riƙa zubewa, sunayen abubuwa ne kan fara tafiya. Shi ya sa take kama kalmar ƙarshe da ta ji daga bakinki.

Tambayarki a kan ciwo ita ce ta fi muhimmanci. Wanda kalmomi suka ƙare masa da nishi yake kai ƙara. Ki duba bakinta ko akwai haƙori mai ciwo ko miki. Yaushe rabonta da bayan gida? Fitsarinta ya yi duhu ko yana wari? Ki lura da fuskarta in kin ɗaga ta, tana yamutsawa? Ki duba ƙugu da duga-dugai ko kwanciya ta fara cin fata. In kuma kika ga ta rikice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko zazzaɓi, ko baki ya karkace, ko tana ƙwarewa in tana shan kunu, ranar za a kai ta asibiti, ba a jira ranar kasuwa ba. Ku fara da babban asibitin da ke kusa a auna jini da suga da fitsari, su tura ku Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Babu maganin da ke warkar da cutar mantuwa, amma abubuwan da ke tsananta ta da yawa suna da magani.

Malam daga Ringim: Baiwar Allah, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A yi mata karatu a hankali, ban da ihu a kunne da turnuƙe ɗaki da hayaƙi, tsoro suke ƙara mata. In ta maimaita sallah ko ta manta, kada a takura mata, an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe. Tsawar da kika yi kuwa, ki yi istigfari. Amma 'ya'yanta su sani hakkin nan a wuyansu yake tun kafin ya zo kanki.

Hajiya Babba: 'Yata, ni na yi jinyar mahaifiyata shekara shida a Ɗambatta. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne gyara mata zance. Ta kira babanmu, in ce ai ya rasu, sai ta fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar. Daga baya na koyi cewa "Iya, kina kewarsa ko? Ba ni labarinsa." Ke ma in Inna ta kira yayarta, amsa mata da taushi, ki riƙe hannunta. Almuru ne lokacin da suka fi rikicewa, don haka ki kunna fitila tun duhu bai shigo ba, a rage hayaniyar yara da rediyo. Ki ba hannunta aiki, ko gyaɗa ta ɓare ko zogale ta tsinke. Magana kuma gajeriya, ɗaya bayan ɗaya. Iyata ta manta sunana, amma in na ja mata Ƙulhuwallahu sai ta ƙarasa, haka waƙar daka ta ƙuruciyarsu. Ki gwada. Sannan a raba kwana, ke kaɗai ba za ki iya ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na lissafa, ashe kwana biyar Inna ba ta zaga ba, kuma akwai turmin haƙori da ya ruɓe a hagu. Na karanta wa maigida amsoshinku, ya ce ranar Litinin zai nemo mota. Jiya da magariba na ajiye mata faifai da gyaɗa, na ja mata Fatiha, ta bi ni har ƙarshe. Nishin ya dawo bayan Isha'i, amma ta sha kununta. Hajiya, don Allah da dare fa, ya kika riƙa yi in ta tashi tana neman ƙofa?