Abin da aka ce kan gina filin tseren motocin rimot

To ga abin da na tsinta. Kusan kowa ya yarda ƙasa ce kan gaba, jar ƙasa mai laka, a tsince duwatsu a yayyafa ruwa a daddaɓe sosai, don yashi zalla taya tonawa kawai take. Faɗin hanya wajen mita 3 ga motocin 1/10 (wato masu kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), masu 1/8 da suka fi girma a ƙara musu, in ba haka ba karo za a yi ta yi a kwana. Gefe a shimfiɗa bututun roba banda bulo, bulo karya ƙafar mota yake. Wasu sun dage sai manyan tudun tsalle, ni dai ban yarda ba, korar sabbin shiga ne. Sai magudanar ruwa, da dandamali mai tsayi inda masu tuƙi za su hango kowace kwana.