Muhawara: Martini-Henry ce ta ja wa sojan Ingila asara a Isandlwana?

Tsohon Soja: Assalamu alaikum jama'a. Yau da magana na zo, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Masu sha'awar bindigogin albarushi a Ingila da Amurka sun ɗauki Martini-Henry sun ɗora a ka, ni kuwa ban ga ta cancanci wannan ƙauna ba. Ranar 22 ga Janairun 1879 a Isandlwana cikin Afirka ta Kudu ta yau, mayaƙan Zulu da mashi da garkuwar fata suka share sansanin sojan Ingila, aka kashe mutum fiye da 1,300. Ita ce a hannun sojan a ranar. Bindiga ce mai saurin zafi, kwanson harsashi ya maƙale a cikinta, soja ya koma sakace shi da wuƙa alhali abokin gaba na kansa. Duk bindigar da za ta cije a irin wannan lokaci ta ci amanar mai riƙe da ita.

Malamar Tarihi: Wa alaikumus salam Baba. Cijewar kam ta faru, ba mai musun wannan. Amma a duba abin da ya wakana kafin a harba ko harsashi ɗaya. Lord Chelmsford, babban kwamandan sojan Ingila, ya kwashi kusan rabin rundunar ya fita tun da asuba yana neman Zulu inda ba sa nan. Sansanin da ya bari ba a haƙa masa rami ba, ba a kuma kewaye shi da amalanke ba. Kanar Pulleine, wanda aka bar wa sansanin, ya baza sojansa can nesa da tantuna, layi mai tsawo, mutane tsilli-tsilli. Ntshingwayo kuwa, jagoran mayaƙan Zulu, ya zo da mayaƙa kusan 20,000, ya yi musu dabarar ƙahon sa, tsakiya ta tare gaba, ƙahoni biyu suka zagaya ta baya. Kuma har sai da wutar Martini ta tilasta wa tsakiyar rundunar Zulu kwanciya a ƙasa na wani lokaci. Layin ya karye ne bayan mahayan Durnford, wani kanar na Ingila, sun ga harsashinsu na ƙarewa sun ja da baya, gefe ya buɗe.

Tsohon Soja: 'Yata, kin kawo laifin manya, na kuwa yarda suna da laifi. Amma kwamanda ya yi kuskure, bindiga ta rufa masa asiri, ai an sha ganin haka.

Mazaunin Ingila: Baba, ka ba ni dama in sa baki, don ina harba ta a ƙungiyar harbi mai lasisi a nan, kuma da hannuna nake ɗura harsashinta. Matsalar ba a jikin bindigar take ba, a kwanso take. Kwanson farko ba ƙerarre ba ne guda ɗaya. Fallen tagulla ne siriri aka naɗe, aka liƙa masa faifan ƙarfe a gindi. In ɗakin harsashi ya yi zafi, dauɗar albarushi ta taru, sai fallen ya manne da bango. Ka ja hannun da ke ƙasa da ƙarfi, maciri, wato ƙarfen da ke zaro kwanso, ya fizge gindin ya bar sauran a ciki. Da suka koma kwanson tagulla ƙerarre a shekarun 1880 abin ya ragu ƙwarai, daga baya ma suka ƙara wa hannun tsawo a samfurin Mark IV don ya fi ƙarfin cira. Mu yanzu da ƙerarren muke harbi, kuma cijewa ba ta cikin abin da ke damunmu. Abin da ke damunmu tokarin kafaɗa ne. Albarushi giram biyar da rabi ne ke tura dalma mai nauyin giram 31. Shi ya sa aka rage wa gajerar bindigar mahaya, albarushi giram huɗu da rabi da dalma mara nauyi.

Tsohon Soja: To ai ka faɗi maganata da bakinka. Soja a fagen fama ba ya raba bindiga da harsashinta, abu ɗaya aka ba shi. Sojan Ingila sun karɓe ta a 1871, kuma a Janairun 1885 a Abu Klea cikin Sudan har yanzu tana cijewa. Shekara 14 ke nan ana tura yara su mutu da kayan da aka san suna da aibi.

Malamar Tarihi: Nan kam Baba ka taɓo gaskiya, kuma laifin na hukumar da ta yi jinkirin sauya kwanso ne. Sai dai ina roƙon a amsa mini tambaya ɗaya. A yammacin wannan rana ta Isandlwana, a Rorke's Drift, wani ƙaramin sansani da ke kusa, sojan Ingila kimanin 150 suka tare Zulu tsakanin 3,000 da 4,000 har cikin dare. Bindigar ɗaya ce, harsashin ɗaya ne, naɗaɗɗen kwanson nan dai. Sun harba harsashi kusan 20,000, kafaɗu suka kumbura, yatsu suka ƙone. Bambancin kawai shi ne sun tare a wuri ɗaya bayan buhunan masara da akwatunan biskit, harsashi kuma na kusa da hannu. A Khambula ranar 29 ga Maris, da Ulundi ranar 4 ga Yuli, haka aka sake gani, Ingila ta ci Zulu da wannan bindigar. In bindigar ce ta kayar da su da rana, me ya hana ta kayar da su da dare?

Ɗan Maharba: Salamu alaikum. Ni ban taɓa riƙe Martini ba, amma a gidan maharba na tashi, kuma duk wanda ya ga 'yan bindiga a hawan sallah ya san halin albarushi. Hayaƙi ya turnuƙe, cikin bututu ya yi baƙi ƙirin, in ba a wanke da ruwa ba tsatsa ta ci ƙarfe. Harba-ruga ma in ka yi ɗuri biyar ko shida a jere, na gaba da ƙyar zai shiga. Don haka kada a ɗora wa bindiga ɗaya abin da yake halin albarushi ne. Wace ce a zamanin ba ta cijewa?

Mazaunin Ingila: Tambayarka ta yi kyau Yaya. Amurkawa ma haka suka yi ta zargin bindigarsu Springfield ta 1873 bayan 'yan asalin ƙasar sun hallaka kwamandansu Custer da mutanensa a Little Bighorn a Yunin 1876. Nasu kwanson na jan ƙarfe ne, shi ma yana mannewa. Duk rundunar da ta sha kashi a hannun mutanen da ta raina, ɗora laifi kan ƙarfe ya fi mata sauƙi a kan ta ce an fi ta dabara.

Ɗan Omdurman: Ku yi haƙuri, tun ɗazu kuna ta Martini, kun bar wadda ta fi ta. In ana maganar bindigar da ba ta da rigima, Remington Rolling Block ce. Ƙarfe biyu ne manya ke juyawa a kan ƙusoshi biyu, ka ɗana, ka buɗe, ka saka, ka rufe. Denmak da Suwidin da Sifen duk sun saye ta, Masar ma ta saya da yawa. Habashawa sun ƙwace ta daga sojan Masar a Gundet a 1875 da Gura a 1876. Ansar ɗin Mahadi sun kwashi dubbai bayan sun murƙushe rundunar Masar da Hicks Pasha ke jagoranta a Shaikan cikin Sudan a Nuwamban 1883, suka ci gaba da yaƙi da ita cikin rairayi da ƙura shekara da shekaru, ba maƙeran soja a bayansu irin na Turawa. Wannan ita ce shaidar da nake yarda da ita.

Tsohon Soja: Madalla, Allah ya yi maka albarka. Abin da nake nufi ke nan.

Malamar Tarihi: Malam, Remington bindiga ce ta ƙwarai, ban ja ba. Amma ka lura, ita ce a hannun sojan Hicks ranar da aka gama da su, kuma ba wanda ya ce laifinta ne. An ce ƙishirwa ce da rashin horo da mugun jagoranci. Me ya sa ba za a yi wa Martini wannan adalcin ba? Kuma 'yar uwarta Peabody-Martini ce a hannun sojan Usman Pasha a Plevna cikin Bulgeriya ta yau a 1877, inda Turkawa suka tsayar da Rasha wata kusan biyar.

Ɗan Omdurman: Peabody-Martini ƙirar Amurka ce Malama, kamfanin Providence Tool ya yi wa Turkawa, kuma ba naɗaɗɗen kwanson Ingila take ci ba. Wannan hujjar ta fi taimakon mai cewa kwanso ne matsalar. A sauri dai na ba Martini, don jan hannu ɗaya ke buɗe ta ya fitar da kwanso ya kuma ɗana ta. A juriya ban ba ta ba.

Ɗan Maharba: Mazaunin Ingila, waɗanda kuke harbawa na asali ne ko sababbin ƙira?

Mazaunin Ingila: Yawanci na asali ne. Da yawa sun shigo kasuwa bayan 2003, lokacin da aka sayo tsohon rumbun makaman Nepal daga Kathmandu. Amma akwai na jabu da ake ƙerawa a yankin Khyber na iyakar Pakistan da Afghanistan, har da tambarin sarauta na ƙarya, ƙarfensu ba abin dogaro ba ne. Ko ta asali ce, ba a harba ta sai maƙerin bindiga ya duba ɗakin harsashi da bututu, kuma ba a kusantar da ita da hodar zamani mara hayaƙi.

Tsohon Soja: Na ji hujjojinku, na Rorke's Drift ya fi yi mini nauyi. Duk da haka ina nan kan bakana a abu ɗaya. Wanda ke harbi a filin ƙungiya da ƙerarren kwanso, yana goge bututu in ya ga dama, ba bindigar 1879 yake gwadawa ba. A ba shi naɗaɗɗen kwanso guda 70 irin wanda soja ke ɗauka, ya harbe su a jere cikin rana ba tare da gogewa ba, sannan ya dawo mu ci gaba.