Neman kalma: me za mu kira "man page" da Hausa?

1/ Jama'a masu aiki da Linux da sauran dangin Unix, wato manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, ina neman shawararku. Muna son fara rubuta bayanan manhajojin layin umarni da Hausa, amma sunan abin da kansa ya tsaya mana a wuya. Ina nufin shafin nan da ke fitowa in ka rubuta `man ls` ka danna Enter, wanda ba ka fita daga cikinsa sai ka danna q.

2/ Kada ma wani ya ce "shafin man". Bahaushe in ya ji "man", jira yake a ƙarasa masa: na gyaɗa ne, na shanu ne, ko fetur? Ga "shafi" kuma a gaba, sai ka rantse maganar shafa mai ake yi. Alhali "man" ɗin guntun "manual" ne kawai, wato littafin bayani da Turanci.

3/ Kafin a raɗa suna, a san jaririn. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka rubuta na farko a Bell Labs ta Amurka, bisa matsin shugabansu Doug McIlroy, bugun farko kuma na ɗauke da kwanan wata 3 ga Nuwamba 1971. Kowane umarni da shafinsa, an kuma kasa shafukan sashe-sashe: na 1 umarnin da kowa ke amfani da su, na 2 kiran da ake yi wa zuciyar tsarin, na 3 ayyukan da masu rubuta manhaja ke ara, na 5 fasalin fayiloli, na 8 na mai kula da na'ura. Har wasanni suna da nasu, sashe na 6. Shi ya sa `man passwd` ke ba ka bayanin umarnin sauya kalmar sirri, `man 5 passwd` kuma ya ba ka fasalin fayil ɗin /etc/passwd.

4/ Shawarar da ta fi yawa zuwa yanzu ita ce "jagora". Kalma ce mai daɗi, amma ban yarda da ita a nan ba. Jagora hannunka yake kamawa ya kai ka inda za ka. Wannan shafin ba ya kai kowa ko'ina. Ka buɗe wa sabon shiga `man bash`, dubban layuka ne, kafin ya kai rabi ya rufe kwamfutar. An rubuta shi ne domin wanda ya riga ya san abin da yake nema, ya manta wani harafi, ya dawo ya duba. Mu ajiye "jagora" domin darasin da ke koyarwa mataki-mataki.

5/ "Taimako" kuma yana da mai shi. Shi ne abin da `ls --help` ke zubo maka a allo, gajere, daga cikin manhajar kanta. Wannan "taimako a taƙaice" ya ishe shi. "Manuwal" ana faɗa, amma da yawa in sun ji sai hankalinsu ya tafi kan mota mai giya.

6/ Ni "kundi" nake ba wa ƙuri'ata. Ku tuna kundin malam: warwarorin takardu a cikin fata, kowace da fa'idarta, ba wanda ke karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, kuma ba da shi ake fara koya wa almajiri ba. In buƙata ta taso a zaro warƙar da ake so. Na Unix ma da aka buga shi a takarda, shafuka ne da aka tara a maƙali guda. Sannan kunnenmu ya saba da "sashe na kaza na kundin tsarin mulki", saboda haka "sashe na 5 na kundi" ba zai yi wa kowa baƙo ba.

7/ Ke nan: gaba ɗayansa "kundi", kowane ɗaya "shafin kundi". "Duba shafin kundin tar." `man -k` ko `apropos`, umarnin neman kalma a cikin shafukan, ya zama "binciken kundi". Bayanan manhajojin GNU, masu `ls` da `bash` na Linux, da ake buɗewa da `info` sai a ce "kundin Info".

8/ Na ji ƙorafin cewa wasu na kiran folda kundi. Gaskiya ne, amma folda ta riga ta zauna a bakin mutane, a bar mata sunanta. Umarnin da ake rubutawa kuwa ba a taɓa shi, `man` yana nan yadda yake. Shafukan Hausa za su shiga /usr/share/man/ha/, tunda glibc, ɗakin karatun manhaja da Linux ke dogaro da shi, na da ha_NG, wato saitin Hausar Najeriya, kuma tsarin haruffa na UTF-8 na ɗaukar ƙ, ɗ, ɓ lafiya lau.

9/ Kanun cikin shafin ba su ba da wahala ba: SUNA, BAYANI, ZAƁUƁƁUKA, DUBA KUMA. Guda ɗaya ya rage, SYNOPSIS, layin da ke nuna yadda ake jera umarni, kamar `ls [ZAƁI]... [FAYIL]...`. "Taƙaitawa" ba ta faɗi aikinsa ba. Ina tsakanin "TSARIN KIRA" da "YADDA AKE RUBUTAWA". Malaman Hausa da 'yan'uwa na Nijar da ke karanta shafukan da Faransanci, wanne ya fi kwanta muku?