Sati 5 kawai na tsaya da gudu, yanzu kamar ban taɓa yi ba. Haka abin yake?

Mai_Gudun_Safe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana motsa jiki ku taimaka min da bayani domin abin ya dame ni sosai. Kusan wata takwas ina fita gudu, kwana huɗu a sati, har na kai ina cin kilomita 7 ban tsaya ba kuma in dawo in yi wanka in tafi aiki garau. To sai na yi targaɗe a idon sawu wajen ƙwallo, aka ce in huta, na huta sati 5 cur ko tafiya mai nisa bana yi. Jiya na ɗaure takalmi na fita da murnata, wallahi ko kilomita 2 ban cika ba na tsaya na dafa gwiwa ina haki, maƙogwaro ya bushe, zuciya na bugawa har a kunne nake jinta. Ƙafar bata yi ciwo ba ko kaɗan, numfashin ne ya ƙi. Na dawo gida jikina a sanyaye. Tambayata shine duk wahalar wata takwas ɗin nan ta tafi a banza kenan? Kuma me yasa abinda aka daɗe ana tarawa yake zubewa da wuri haka?

Malamin_PHE:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka kwantar da hankalinka bata tafi a banza ba, amma gaskiya wani kaso ya tafi, kuma hakin da ka ji yana da dalili.

Abu na farko da yake raguwa in mutum ya ajiye gudu shine ruwan jini, wato ruwan da ƙwayoyin jini suke yawo a ciki. Mai gudu kullum jikinsa yana ƙara yawan ruwan nan, to yana tsayawa cikin 'yan kwanaki jiki zai fara rage shi tunda yaga babu buƙata. In jinin ya ragu, kowane bugu ɗaya na zuciya abinda take turawa ya ragu, dole ta ƙara sauri kafin ta kai wa ƙafafu iskar oksijin ɗin da suke nema. Wannan bugun da kake ji a kunne kenan. Sannan a cikin tsokar ita kanta akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira mitokondiriya, su ne suke ƙona abinci da oksijin su bada ƙarfi, horo ne yake yawaita su kuma hutu yana rage su da sauri, a sati biyu zuwa uku an riga an yi asara mai yawa.

Akwai binciken da Edward Coyle da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1984, suka samu mutanen da suka shekara da shekaru suna gudu da tseren keke suka ce su tsaya gaba ɗaya. A sati 3 na farko yawan oksijin da jikinsu zai iya amfani dashi ya faɗi da kashi 7 cikin 100, zuwa kwana 56 ya kai kashi 16, daga nan ya tsaya bai ƙara faɗuwa ba. Kuma ko bayan sati 12 suna zaune sun fi waɗanda basu taɓa horo ba. Sai dai kar in ɓoye maka, waɗancan sun yi shekaru ne, kai wata takwas ka yi, kuma wanda bai daɗe da farawa ba nasa ya fi saurin zubewa. Jiki baya riƙe abinda ba a amfani dashi, ciyar da tsoka da jini mai yawa tsada gareshi, da ya ga an daina nema sai ya sauke.

Ɗan_Ƙarfe:
Ni ɓangaren ɗaga ƙarfe nake amma bari in sa baki. Ƙarfin tsoka ya fi numfashi daɗewa nesa ba kusa ba, shi yasa ka ce ƙafar lafiya lau numfashi ne ya ƙi. Na taɓa yin wata ɗaya ban shiga jim ba saboda aiki, da na koma ƙarfen da nake ɗagawa kusan duk na ɗaga shi, amma hawa bene hawa uku sai da na tsaya a tsakiya. Abinda ya tsorata ni lokacin shine damtsena da na gani a madubi ya saki tun sati na biyu, rigar da take kama hannu ta zama sakwa-sakwa, ashe yawanci ruwa ne da sukarin da tsoka take ajiyewa suka ragu, ina komawa sati biyu ya ciko. Kuma dan Allah mutane su daina cewa tsoka tana komawa kitse in ka daina, ba haka bane, nama daban kitse daban, abinda yake faruwa shine ka daina motsi amma cin da kake yi yana nan yadda yake, tsoka tana raguwa teɓa tana fitowa a lokaci guda sai a ɗauka ɗaya ce ta rikiɗa ta zama ɗayar.

Hajiya_Nas:
Ɗana Mai_Gudun_Safe, kai da kake iya yawo a cikin gida ma da sauƙi. Mu da muke jinya muna ganin abin nan ido da ido, mutum da ƙarfinsa ya kwanta kwana goma a gado, ranar da za a tashe shi sai ka ga jiri ya kwashe shi, ƙafa na rawa, sai an riƙe shi kafin ya kai banɗaki. Shi yasa yanzu ko tiyata aka yi wa mutum ake matsa masa ya tashi ya taka da wuri, 'yan uwa su ga kamar rashin tausayi ne alhali gata ake masa. A 1966 a garin Dallas na Amurka an kwantar da samari 5 'yan shekara 20 lafiyayyu a gado na sati 3, ƙarfin zuciya da numfashinsu ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake gwada mutanen nan bayan shekara 30 sai aka ga sati ukun nan na kwanciya ya fi shekara 30 na tsufa yi musu illa. Tunda na san wannan bana iya kallon dattijo a kwance duk yini in yi shiru. Su samarin kuwa da aka sa su horo na sati 8 bayan kwanciyar sun dawo har sun wuce inda suke da farko, to kaima zaka dawo in sha Allah. Amma ka bi ƙafar nan a hankali, jijiyar gaɓa bata warkewa da saurin tsoka, in ta kumbura ko ka ji tana turguɗewa ka koma a duba.

Mai_Gudun_Safe:
Nagode ƙwarai Hajiya, Allah ya saka da alheri, Malam da yayana Ɗan_Ƙarfe kuma nagode hankalina ya ɗan kwanta. Saura abu ɗaya, wata mai zuwa aiki zai min yawa ba zan samu kwana huɗun nan ba, ina tsoron in farfaɗo kuma in sake komawa gidan jiya. Kwana nawa ne mafi ƙaranci da zai riƙe min?

Malamin_PHE:
Riƙewa ta fi ginawa sauƙi sosai. Wani mai bincike Robert Hickson ya gwada wannan a farkon shekarun 1980, mutane suka yi sati 10 suna horo kwana 6 a sati, sai aka rage wa wasu zuwa kwana 2 kacal har sati 15 kuma numfashinsu bai faɗi ba, saboda ranar da suka fito da zafinsa suke yi kamar da. Da aka bar kwanakin yadda suke aka rage zafin horon kuwa sai numfashin ya faɗi. To in aiki ya matse ka, kwana 2 a sati ka yi wanda zai sa ka haki da gumi na gaske ya isa ya riƙe ka.

Amma wannan sai ka dawo daidai tukuna. Yanzu kar ka nemi kilomita 7, ka yi gudu minti 3 tafiya minti 1, ka maimaita kamar sau 6, rana ɗaya fita rana ɗaya hutu, kana ƙarawa kaɗan kaɗan duk sati. Ruwan jinin nan da ya fara tafiya shi ne kuma yake fara dawowa, cikin sati ɗaya zuwa biyu zaka ji hakin ya ragu, kuma a nan ne mutane suke ruɗuwa su ƙara nisa da yawa alhali idon sawun bai shirya ba. In akwai keke ka riƙa haɗawa dashi a ranakun da baka gudu.